Doyar Kawu Kalmaire

Kawuna Kalmaire, yayan mahaifiyata, gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ƙafafunsa a ɗan gwame. Tun da na buɗe ido na san shi ban taɓa ganin farcensa babu ƙasa ba, ko da ranar Lahadi ce a coci. A tsibirinmu kowa da abin da aka san shi da shi: wani kamun kifi, wani waƙa, wani kuwa barci a gindin mangwaro. Shi Kawu doya ce tasa. Ba wadda ake tonowa a jefa tukunya nake nufi ba. Doguwar nan, wadda ake haƙa wa rami mai zurfi, a yi mata rumfar kara, a yi ta lallashinta kamar amarya, ranar biki a ɗora ta a saman kaya kowa ya gani ya san gidan da ta fito.

Yana saurayi ya taɓa shiga aikin jirgin ruwa mai kwasar busasshiyar kwakwa, ya zaga tsibirai, har birnin Numeya ya je. Bai daɗe ba ya dawo. Da aka tambaye shi dalili ya ce a jirgi babu inda mutum zai tsuguna ya damƙi ƙasa. Ya auri Inna Leisande, mace mai baki da dariya, wadda ke kai kayan gona kasuwar Vila, babban birninmu. Ya gaji sandar haƙa ta mahaifinsa, baƙin itace mai nauyi wanda hannu ya goge har yana sheƙi. Da wannan sanda ya ciyar da 'ya'ya biyar, kuma ko mu 'ya'yan ƙanwarsa ba ma tsallake ta in tana ajiye, don girmamawa.

Sirrin doyarsa kowa ya san shi: baƙar ƙasar bayan madafa ce, can cikin ayaba. Mu haka muka taso. Ka ci laplap ɗinka, tuwon doyar nan da ake gasawa cikin ganye a kan duwatsu masu zafi, ka gama, ka wurga ganyen bayan madafa. Ɓawon rogo can, ƙashin kifi can, kwandon da ya huje can, tabarmar da ta mutu can. Kaji su tona, ruwa ya sauka, shekara ta zagayo sai ka tarar da ƙasa mai laushi da ƙamshi. Ita Kawu ke kwasa ya cika ramin doya.

To, sai leda ta shigo gari. Wannan tun kafin gwamnati ta hana kantuna bayar da ita ne. Burodi a leda, shinkafa a leda, ko ashana ka saya sai an saka maka a leda. Abin naɗi ya canja, amma hannunmu bai canja ba. Ka gama, ka wurga bayan madafa. Babu wanda ya ɗauke shi ƙazanta, a wurinmu ayaba muke ciyarwa.

Inna Leisande ta taɓa ce masa, "Tsoho, abin nan fa ba ya ruɓewa."

Ya ce, "Lokaci ne bai yi ba. Ƙasar da ta cinye kakana da rawaninsa na gashin tsuntsu, leda ce za ta gagare ta?"

Ta ce, "To, Allah ya ba ta haƙora."

Ana nan sai autansu Seule ya ga wata yarinya, Toumara, a tsibirin da muke hangowa daga bakin ruwa. Magana ta yi ƙarfi, aka ce bikin sai kakar doya mai zuwa. Mahaifinta Tarimasu ya tsallako da mutanensa don a san juna. Jama'a, mutumin nan dogo ne. Sai da ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar cocinmu, kuma da ya tsaya gaisawa da Kawu, sai ka ce bishiyar kwakwa ce ke yi wa kututture sannu. Ga shi da tsokana. Tun kafin a gama cin abinci sun fara kiran juna tawi, yadda muke kiran suruki, suna jifan juna da magana.

Tarimasu ya ce, "Tawi, labarin doyarka ya iso mana tun kafin ɗanka ya iso. Amma mu can ba ma dafa labari."

Kawu ya ajiye ƙoƙon ruwansa. "Tashi mu je."

Duk muka bi su gona. Kawu ya zaɓi tudun da ya fi ji da shi, wanda ya zuba wa baƙar ƙasa fiye da sauran, ya durƙusa ya fara tono a hankali, yana yi yana ba da labarin yadda mahaifinsa ya taɓa tono wadda sai da mutum uku suka ɗauka. Kan doyar ya bayyana, ƙato, kowa ya ce kai! Ya ƙara zurfi kaɗan. Sai muka ga labarin ya tsaya a bakinsa.

Doyar ta sauka kamar kamu ɗaya, ta ci karo da dunƙulen leda, ta rasa hanya, sai ta rarrabu yatsu-yatsu, wannan ya yi gabas, wancan ya murɗe ya dawo sama. Wani yatsan ma cikin ledar burodi ya shige ya girma a ciki, ya fito sanye da ita kamar safa.

Sai Tarimasu ya sunkuyo daga can sama, ya duba, ya ce, "Tawi, doya ce ko ƙaguwa? Ku riƙe ta kar ta koma teku."

Mutanensa suka fashe da dariya. Namu ma, Allah ya yafe mana, muka taya su.

Ya ƙara da cewa, "Amma dai tana da tsabta. Ban taɓa ganin doyar da ta fito da kayan sawarta ba."

Kunnuwan Kawu har rawa suke. Ya miƙe, ya kafa sandarsa a ƙasa, ya ɗaga kai sama don ya samu idon mutumin. "Ka saurare ni a gaban mutanenka da nawa. Doyar da zan ɗora a kan kayan 'yarka sai ta wuce kanka. In ba ta wuce ba, ga sandar ubana, taka ce. Ni kuma in koma noman rogo tare da ragwaye."

Inna Leisande ta dafe kai. A hanyar gida ta ce, "Duk mutanen da Allah ya halitta ka rasa wanda za ka gwada da shi sai wannan? Me ya hana ka ce sai ta wuce kanka kai? Da ko dankali ya fitar da mu kunya."

Kawu ya ci gaba da tafiya. Magana ta riga ta fita a gaban tsibiri biyu, kuma a wurinmu ba a mayar da irinta.

Washegari ya ɗaura tsohuwar ragar kamun kifi a tsakanin sanduna huɗu ya fara tankaɗe ƙasar bayan madafa kamar mai tankaɗe gari. Na je taya shi. Abin da muka fitar ya ba ni tsoro: ledar shinkafa, ta sukari, ta biskit, tsinken shan lemo, murafen kwalba, wasu sun yi laushi sun yayyage amma suna nan. Can ƙasa ya zaro wata, ya karkaɗe, ya kai ta nesa da ido ya karanta sunan da ke jiki.

"Kin san kantin nan? Tun kafin a haifi Seule aka rufe shi. Mai kantin ya mutu, na je jana'izarsa. Ƙasa ta karɓe shi, ga ledarsa tana yi min dariya."

Inna ta leƙo daga madafa. "Lokaci ne bai yi ba, Tsoho. Mayar da ita ka ƙara mata shekara ashirin."

Kawu ya cusa ledojin a buhuna ya kai wa mai jirgi, ya ce a mayar da su Vila tunda daga can suka zo. Ya kafa doka a gidansa: leda ba ta ƙara tsallake shingensa. Inna ta koma ɗaukar jakar saƙa da ƙyalle na naɗe burodi, ta nemo gwangwanaye masu murfi na sukari da shinkafa. Tana yi tana mita, amma tana yi. Ya haƙa rami har sai da ya ɓace a ciki, ya cika shi da tankaɗaɗɗiyar ƙasa, ya dasa kan doya mafi kyau, ya yi addu'a.

Sai dai iska ba ta san shinge ba. Wata safiya ya je gona ya tarar da leda ta maƙale a rumfar doyar tana kaɗawa kamar tuta. Wata rana kare ya jawo ta kifi ya binne a gindin tudun. Kaji kuwa kullum cikin tono ta maƙwabta suke. Kawu ya gane gidansa kaɗai ba zai isa ba.

Sai ya koma bakin ruwa, inda jirage ke sauke masu dawowa daga kasuwa. Da farko faɗa ya yi ta yi. Ya tsaya da sanda yana leƙa kayan mutane, har yara suka sa masa Kwastan. Maƙwabciyarsu Leiwia, bazawara mai maƙo wadda ba ta barin ta kwana, ta ajiye kayanta ta riƙe ƙugu.

"Kawu, kai ka yi rantsuwa, mu za mu biya? In na bar ledar, a me zan zuba shinkafar? A hularka?"

"Uwarki a me ta zuba?"

"Uwata tana da miji mai saro mata ganyen kwakwa. Ni wa nake da shi? Kai?"

Aka yi ta dariya. Kawu ya dawo gida yana huci, amma maganar ta shige shi. Da yamma muka gan shi ya saro ganyen kwakwa ɗanye, ya zauna yana kokawa da shi. Kwandon ganyen kwakwa ai ba wani abu ba ne, dā ko yarinya tana saƙa shi kafin ruwan shayi ya tafasa. Amma hannuwan gari sun kwana biyu ba su yi ba, na Kawu kuwa da ma ba su taɓa ƙwarewa ba. Na farko da ya gama, Inna ta ɗaga shi ta juya.

"Wannan kaza ce ta kwana a kai?"

"Kwando ne."

"In ka sa lemo ta sama, ta ƙasa zai yi maka sallama. Matsa." Ta zauna kusa da shi, ta riƙa bugun yatsunsa. "Ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Sama, na ce! Shekara arba'in ina ganin kai ne mai hannu a gidan nan."

Ranar kasuwa ta gaba, da sassafe, Kawu na zaune a bakin ruwa da tarin kwanduna a gabansa. Wannan karon bai yi wa kowa faɗa ba. Duk wanda ya zo shiga jirgi sai ya miƙe, ya kira shi da sunan zumunci, ya miƙa masa kwando da hannu biyu. "'Yar ƙanena, ga wannan ki zubo kayanki." "Jikana, riƙe."

To a nan ne abin ya juya ta inda shi kansa bai zata ba. A wurinmu abin da babba ya miƙo maka da hannu biyu ba a ƙin karɓa. Kuma kwandon da aka ba ka ba ya komawa wurin mai shi da iska a ciki. Ko jariri ya san wannan. Kawu, da idonsa ya rufe da tunanin doya, ya manta.

La'asar na yi sai ga mutane a ƙofar gidansa. Wannan da burodi a kwandon, wannan da kifi, wancan da sukari. Kawu ya shiga karɓa. Karɓa dole, kuma shi ma ba zai sallami mutum hannu wofi ba, sai ya shiga saran ayabarsa yana rabawa. Mako na gaba haka. Gidan ya cika da burodi har karnuka suka fara zaɓe. Ayabar bayan madafa ta ƙare, ya koma kan gwanda.

Leiwia ce ta fara kuka. Muna wanki ta ce, "Ku ji min tsohon nan! Leda kyauta ake ba ni a kanti. Kwandonsa kuwa, wanda ko kyau ba shi da shi, ya cinye min burodi, ya cinye min rabin kaza. Wallahi ba zai ƙara kama ni ba."

Ranar kasuwa sai ga ta tafe da kwando a dama, kwando a hagu, jakar saƙa a wuya, duk nata, saƙa mai kyau irin ta uwarta. Kawu ya miƙe da nasa. Ta ɗaga hannuwanta.

"Ayya, Kawu, ka makara. Hannuna a cike. Sai dai in riƙe da haƙori."

"Wa ya saƙa miki?"

"Wa kuwa? Mijin nan nawa da ba ni da shi."

Ai sai dabara ta bazu. Duk wanda ba ya son kyautar Kawu ta hau kansa, sai ya kwana da kwandonsa a shirye. Samari suka riƙa hawa kwakwa saro ganye. Tsofaffin mata suka fito da saƙar kaba mai launi da suka daɗe da ajiyewa, aka shiga gasa, wannan ta ce tata ta fi, waccan ta ce ai zanen kakarta aka sata. Mai zuwa da kwando kuma kunya yake ji ya dawo da leda a ciki, don sai ya wuce ta gaban Kwastan. Ba wai leda ta ƙare ƙaf ba, ta taliyar yara da ta biskit suna nan har yau. Amma an ajiye tsohuwar ganga a bakin ruwa, a nan ake kwance su a bari, mai jirgi ya mayar. Bayan madafa ya koma na ganye da ɓawo.

Daga baya Kawu yakan ce da gangan ya shirya haka. Inna kan ce, "Ƙarya yake. Mutumin da burodi ya kwantar kwana biyu?"

Damina ta yi kyau, guguwa ta ratse ta wani gefen ta bar mu. Ganyen doyar ya rufe rumfa, ya yi duhu, sannan ya fara rawaya. Ana saura kwana kaɗan biki aka taru tono. Kawu ya hana kowa sa ƙarfe, da sanda da yatsu aka bi ta, ana janye ƙasa a hankali. Tana sauka, tana sauka, miƙaƙƙiya sumul, babu ƙari babu tabo. Da aka kai ƙarshenta aka ɗaure ta a jikin gora aka fito da ita, mata suka rangaɗa guɗa. Ban taɓa ganin doya mai kyanta ba.

Aka tsayar da ita kusa da Kawu. Ta wuce kansa da kusan tafin hannu. Kowa na murna, shi kuwa ya ja baya, ya dube ta sama da ƙasa. Ya san tsawon surukinsa.

Da yamma na same shi yana shafa wa sandar man kwakwa. Ya naɗe ta a sabuwar tabarma. Inna ta tsaya a kansa, ta buɗe baki, na ce yau ma za ta saki wata. Sai kawai ta ce, "Tashi ka ci abinci, Baban Seule."

Ranar biki muka cika jirage, kaya duk a kwanduna da tabarmi, doyar a tsakiya an yi mata ado da jan fure. Can aka tarbe mu da kiɗa. Aka jera kaya a fili, aka yi jawabai, sannan samari biyu suka tsayar da doyar. Tarimasu ya taso, yana tafe yana gyara riga, ya tsaya a gefenta.

Iyakar kunnensa ta tsaya.

Sai Seule ya sunkuyar da kai, amarya Toumara ta kama hannun uwarta. Kawu ya sunkuya ya fara kwance tabarmar da ya naɗe sandar.

Tarimasu bai dube shi ba. Doyar yake kallo. Ya sa tafin hannu ya shafo ta daga sama, a hankali, yana bi yana sunkuyawa, har ya kai ƙasa. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce, "Ku shimfiɗa min tabarma."

Aka shimfiɗa. Ya zauna daram, ya tanƙwashe dogayen ƙafafunsa, ya ɗaga kai yana kallon doyar can sama da shi.

"A gidan ubana," in ji shi, "ba a karɓar doya irin wannan a tsaye. Jama'a, ku duba da kyau. Ta wuce kaina ko ba ta wuce ba?"

Wata tsohuwa daga cikin mutanensa ta ce, "Ta wuce har ta yi maka inuwa!"

Fili ya kaure da ihu. Kawu ya tsaya da sanda a hannu, ya rasa dariya zai yi ko gardama. Ya ce, "Tawi, ba haka muka yi ba."

"Ka ce a tsaye? Wa ya ji ya ce a tsaye? Kuma sandar gajere me zan yi da ita, sakace? Riƙe abarka. Ni kan doyar nan nake so in dasa, kuma kai za ka zo ka haƙa min ramin, don bayana ba ya lanƙwasuwa."

"Sai ka fara tankaɗe bayan madafarka."

"Ji min mutum! A gidana, ranar bikin 'yata?"

Masu kiɗa suka saki ganga. Inna Leisande ta ja Kawu cikin fili, ya shiga rawa da sandarsa a sama, ƙafafun nan gwamammu suna tayar da yashi. Tarimasu ya miƙe ya bi shi, dogo da gajere, yara na bin su suna kwaikwayo. Muka ci, muka sha, har rana ta karkata.

Muna kwance igiyar jirgi za mu koma, Kawu ya waiga yana hango surukinsa a kan tudu yana ɗaga mana hannu. Ya runtse ido ɗaya yana auna shi da babban yatsa.

"Kin san fa, Uwar Seule, gashin kansa ne ya yi yawa. Da an yi masa aski, ko a tsayen ma..."

"Shiga jirgi, Tsoho," in ji ta. "Ruwa na janyewa."